Sunan da Aka Rubuta wa Yaya a Bebeji

Yayata ta fi ni Turanci nesa ba kusa ba, amma ni ke da takardar shaida. Nakan faɗi haka a cikin mutane a yi dariya, ni ma in taya su. A zuciyata kuwa babu abin dariya, don da hannuna a cikin abin da ya hana tata takardar yin amfani.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a gefen Tiga, inda ruwan dam ke bin magudana ya shiga gonaki. Babanmu manomin rani ne, tumatir da albasa, in aiki ya yi sauƙi kuma ya ɗauki koma ya nufi bakin ruwa. Yaya ce babba a gidanmu, ni ke bi mata, shekara uku tsakani. Ta gama sakandare da kiredit a lissafi da duk darussan kimiyya, Turanci kaɗai aka ba ta fas. Wanda bai san harkar ba sai ya ce ai ta ci. To, a ƙasar nan fas a Turanci da faɗuwa duk kanwar ja ce. Makarantar ungozoma da take so ba ta ko kallon takardar mutum sai da kiredit biyar, kuma dole da Turanci a ciki. Sauƙin da aka yi shi ne an yarda ka haɗa sakamakon zama biyu, ka kawo na makaranta ka ɗora masa na wata jarrabawar da ka sake.

Sai ta sake zama a matsayin ɗalibar waje. Fas. Shekara ta zagayo ta kuma, aka sake ba ta fas.

A wannan tsakanin take zuwa ƙaramin asibitin garinmu tana taimakawa don Allah. An turo mana wata likita 'yar Kudu mai hidimar ƙasa, wadda ko zo in kashe ka ba ta ji da Hausa, sai Yaya ta zama bakinta. Matan rugagen bayan dam ma nan suke zuwa, ita kuma Yaya tun tana ƙarama ta tsinci Fulatanci a bakin masu kawo mana nono. Mace za ta faɗi ciwonta da Fulatanci, Yaya ta juya wa likita da Turanci, ta karɓo amsa ta mayar, sannan ta leƙa waje ta yi wa mijin bayani da Hausa. Haka take yi tun safe har azahar. Amma a zaunar da ita a ce ta rubuta wa editan jarida wasiƙa kan cunkoson motoci, sai hannunta ya yi sanyi. Tana cewa a baki Turanci yana zuwa da kansa, a takarda kuwa sai ta ji kamar ana leƙa ta ta bayan kafaɗa.

Ni kuwa zama ɗaya na samu kiredit. Ita ta koya min, na haddace buɗin wasiƙa da rufinta kamar aku, na je na zube musu. Ranar da sakamakona ya fito ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo, ta ce, "Kai da ko gaisuwar kirki ba ka iya da Turanci ba! Lallai rabo ba ya duban fuska." Ta yi dariya sosai. Daga baya na ganta a bayan ɗaki tana wanke tukunyar da ba ta da datti.

Dole in yi bayanin sunanta, ko da yake ba zan rubuta shi ba, don ni ma ɗan gidan ne. Yaya ta ci sunan kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda ta rasu wata biyu kafin a haife ta. Ga ta 'yar fari, ga ta mai sunan uwa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Tun ranar suna da liman ya raɗa mata shi, ba a sake jin sunan nan a cikin gidanmu ba. Laƙabi aka sa mata irin wanda ake sa wa masu sunan uwa, da shi duk gari ya san ta. Sunan yanka yana cikin rajistar makaranta, kawunmu ne ya kai ta firamare ya bayar da shi, shi ne kuma a kan takardunta.

Baba yana da yadda yake kiran laƙabin nan. Tun daga zaure yake farawa in ya dawo daga gona, ya ja ƙarshensa kamar mai kiran wanda ke tsallaken rafi, ko da kuwa tana zaune a gabansa. Ba ya shiga gida sai ya kira. Innarmu takan ce, "Mu dai da ba mu ci sunan kowa ba, ko sannu." Shi kuma ya ce wa ya isa ya shiga gida bai gaida uwarsa ba.

A zama na huɗu ne abin ya faru. Lokacin an fara yin rajistar jarrabawa ta kwamfuta, sai an je kafe a Bebeji. Ranar da aka tsayar ta zo daidai da ranar awon masu ciki, Yaya ba ta da halin barin likita. Baba ya ce shi zai je da kansa. Sau biyun baya ita ta yi wa kanta, wannan karon yana so hannunsa ya shiga ko a dace. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ta ba shi hotunanta a cikin ambulan da jerin darussan da za ta zauna. Ba ta rubuta sunanta ba. Wa zai rubuta wa ubansa sunansa? Ni na ɗauke shi a babur.

Kafen ɗan shago ne a kusa da kasuwa, janareto yana ta ƙara a waje, mutane sun cika benci. Akwai dattawa biyu sa'annin Baba da suka kawo 'ya'yansu, aka gaisa, aka tambayi rani da iyali. Da layi ya zo kanmu, mai kafen bai ko ɗago ba ya ce, "Baba, sunan ɗalibar?"

Sai Baba ya juyo ya kalle ni.

Na san abin da kallon nan yake nufi. So yake in faɗa a madadinsa. Ni kuwa tun da nake ban taɓa furta sunan nan a gaban Baba ba. Ga kuma dattawan nan suna kallo. Da ina da hankali, biro zan karɓa in rubuta a takarda in miƙa, magana ta ƙare. Ɗan shekara ashirin, mai kiredit a Turanci, wannan dabarar ba ta zo min ba. Sai na sunkuyar da kai ina wasa da makullin babur.

"Baba, akwai mutane a bayanku," in ji mai kafe.

Sai Baba ya faɗi laƙabin, a hankali, ya bi shi da nasa sunan. Yatsun mai kafe suka buga. Na ce a raina ai duk ɗaya ne, ita ɗin ce dai, hotonta ma yana jiki. Muka karɓi katin jarrabawa, Baba ya saya wa gida rake, muka kamo hanya yana ta ba ni labarin farashin albasa.

Da yamma na miƙa wa Yaya katin a tsakar gida. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ja ni zaure.

"Wa ya ba da wannan sunan?"

Na ce Baba.

"Kai kana ina?"

Na ce ina wurin. Ta daɗe tana kallona, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce gobe da sassafe in koma a gyara, kada in bari Baba ya sani. Na koma. Mai kafen ya ce abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa, amma kada mu damu, ƙaramin abu ne, in sakamako ya fito takardar rantsuwa ta kotu tana gyara shi. Ya faɗa da ƙarfin gwiwar wanda ba 'yarsa ba ce. Na kawo wa Yaya maganar yadda ya faɗe ta, har da ɗan ƙari na kaina don hankalinta ya kwanta.

Ta yi karatu a shekarar nan kamar ba gobe. Likitar ta riƙa ba ta aikin rubutu kullum, ta gyara mata da jan biro a tsakanin marasa lafiya. Ta zauna jarrabawar a Bebeji, ni nake kai ta in ɗauko ta. Da sakamako ya fito, ga kiredit a Turanci. Cikin duk zaman da ta yi a rayuwarta, wannan ne kaɗai ya ba ta, kuma shi ne wanda ba ya ɗauke da sunanta.

Baba ya yanka zakara biyu. Ya riƙa gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa da ƙafarsa ya je ya yi mata rajista, shi ya sa Allah ya dafa. Ni da Yaya muka kalli juna, kowa ya kau da kai. Ta yi jarrabawar shiga makarantar ungozoma ta ci, aka kira ta tantancewa a birni.

Ni na raka ta. Wata malama mai gilashi ce a kan tebur, ta shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe, ta ɗora yatsa a kan kowane suna. Ta ce, "Wannan wace ce, wannan kuma wace ce?" Yaya ta yi mata bayani, da Turanci, tiryan-tiryan, har malamar ta cire gilashi tana kallonta. Ta ce ta yarda da ita, ita ma Bahaushiya ce, a gidansu ma akwai mai irin wannan laƙabin. Amma kowace shekara sai an kawo musu sakamakon ƙanwa ko na maƙwabciya a ce na mutum ne, don haka suna biyu mutum biyu ne a wurinsu. Ta ce akwai mako biyu kafin a rufe, mu kawo takardar rantsuwa daga mahaifinta, za ta kai wa na sama da ita su gani. Ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Muka hau motar dawowa har muka kusa gida. Sannan Yaya ta ce, "Za mu ce wa Baba gurbi ya cika."

Na ce ba ta ji abin da malamar ta ce ba? Takarda ɗaya ce kawai.

"Na ji. Ka san me takardar take nufi? Baba ya tsaya a gaban mutane ya faɗi sunan uwarsa, ya kuma ji cewa shi ya jawo. Ba zan sa shi ba. Na ci sau ɗaya, zan sake ci."

Haka muka gaya masa. Ya yi salati, ya ce komai da lokacinsa. Amma daga ranar ya kama wata magana, duk inda ya zauna sai ya ce talaka ba shi da kowa, yarinya ta ci jarrabawa an ba 'ya'yan manya gurbinta. Ina jin haka ina ƙonewa. Ina ƙirga kwanaki, mako biyun malama yana ta raguwa, Yaya kuwa ta koma asibiti tana riƙe wa likita abin awo kamar ba abin da ya faru. Ni mutum ne mai zuciya, kuma na gane daga baya cewa rabin haushin da nake ji na kaina ne, ina neman wanda zan raba laifin da shi.

A rana ta tara muna ban ruwa a gonar tumatir, ya sake ɗauko zancen 'ya'yan manya. Sai na jefar da fartanya na ce, "Baba, babu wani ɗan manya. Sunan da kuka bayar a Bebeji ne ya hana ta." Na gaya masa komai, har da cewa ita ta hana a faɗa masa. Magana zarar bunu ce. Ina rufe baki na so in mayar da ita.

Bai yi min faɗa ba. Ya tsaya da ƙafafunsa cikin ruwa, yana kallon kunyar tumatir, har ruwan ya karya ta gefe ya shiga inda ba a so, bai tare ba. Can ya ce, "Gobe ka sa mai a babur."

Kotun ɗaki ne mai benci biyu da teburin magatakarda, da mutane kamar goma masu jiran nasu. Wannan karon na zo da dabarata, na rubuta sunayen biyu a takarda tun daga gida, ihu bayan hari. Da magatakarda ya tambayi sunan yarinyar na gaskiya, na miƙa hannu da takardar. Baba ya danne hannuna ƙasa.

"Bakina ne ya ɓata," in ji shi. "Shi zai gyara."

Ya buɗe baki, sunan bai fito ba. Ya gyara hularsa. Magatakardan dattijo ne, ya gane, ya ajiye biro ya jira. Sai Baba ya faɗa. Shekara ashirin da uku rabonsa da sunan nan, ya fito a shaƙe, kamar na wanda ya daɗe yana jinya. Magatakarda ya ce ya yi haƙuri ya maimaita, bai ji sosai ba. Ya maimaita da ƙarfi, duk ɗakin suka ji. Na ga hawaye ya bi ta gefen hancinsa ya shiga gemu, bai share ba. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da ruwa ya cinye masa albasar shekara guda. Aka buga hatimi, ya dangwala yatsa, muka fito.

Yaya ta karɓi takardar daga hannunsa ta durƙusa ta yi godiya. Ni ba ta yi min magana ba har kwana uku.

Muka kai wa malamar da saura kwana biyu. Ta shiga ciki da ita, ta jima, ta fito tana ba mu haƙuri. Ta ce na sama sun ce takardar rantsuwa tana gyara harafin da ya faɗi ko sunan da aka juya gaba da baya, amma ba ta mai da wani suna wani. Sai dai masu jarrabawar su gyara da kansu su ba da sabuwar takarda. Na je ofishinsu sau uku a cikin shekarar, kullum a ce a cike wannan, a jira. Har yau muna jira, in dai jira ne. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ko girar ba ta gyaru ba.

Yaya ta sake zama da sunanta na gaskiya, ta yi rajistar da kanta. Likitar ta riga ta gama hidimarta ta koma garinsu, babu mai jan biro. Fas. Ta ƙara sau ɗaya, ya ma fi na baya lalacewa. Daga nan ta ce ya isa. Ta yi aure a nan cikin gari, tana da 'ya'ya huɗu, kuma har gobe tana asibitin, an ɗauke ta mai shara da kiran layi. 'Yan matan da ake turowa da farar riga da takarda a hannu, ita ke nuna musu yadda ake magana da mai naƙuda ta fari.

Wannan rashin na saba da shi. Wanda ban saba da shi ba shi ne na cikin gida.

Tun daga ranar kotu Baba bai sake kiran laƙabinta ba. Da farko ban lura ba. Sai na ga in ya dawo daga gona yana shigowa da sallama kawai, ya wuce ɗakinsa. In yana son ta, sai ya yi gyaran murya, ko ya ce wa Inna, "Tana ciki?" ko ya ce min, "Kai, ce wa yayarka ta zo." Ba fushi yake da ita ba, kifin da ya fi girma har lokacin nata ne, bayan ta yi aure ma da kansa yake kai mata. Laƙabin ne ya zame masa abin da ya cuce ta da shi, na yankan kuma ba ya faɗuwa. Sai ya rasa da me zai kira 'yarsa. Na taɓa ganinsa a ƙofar gidan mijinta da kifi a leda, ya buɗe baki zai kira, ya rufe, ya tsaya a rana har wata maƙwabciya ta fito ta shiga ta sanar da ita.

Inna ta yi masa magana. Yaya ma ta same shi ta ce ta yafe, ba ma abin yafewa, Allah ne bai nufa ba, ya ci gaba da kiranta yadda ya saba. Ya ce to, Allah ya yi miki albarka. Bai kira ba. Shekara shida ya yi a haka, har ciwon da ya kwanta bai tashi ba.

Bayan sadakar arba'in, mutane sun watse, muna naɗe tabarmi ni da ita a zaure, sai na ce mata har yanzu ina jin zafin makarantar nan, da na buɗe baki a kafe da yanzu ita ce babba a asibitin. Ta ci gaba da naɗe tabarmarta.

"Shirun da ka yi a Bebeji na daɗe da mantawa," in ji ta. "Makaranta kuma na haƙura da ita tun a mota. Abu ɗaya na roƙe ka, ka bar min Baba yadda yake. Shekara shida ina jin takunsa a zaure, ina tsayar da abin da nake yi ina jira."

Ta jingine tabarmar a bango ta shiga cikin gida. Ban bi ta ba.